Kalmomin Latin a Cocin Hausa, daga Roma zuwa Auna

Latin shi ne harshen da cocin yammacin Turai ya yi sama da shekara dubu yana karatu da ibada da shi. Ba da shi aka rubuta Littafi Mai Tsarki ba. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta mafi yawansa, Sabon Alkawari kuma da Girkanci.

Abin da ba kowa ya sani ba, a Afirka Latin ɗin Kirista ya fara tsayawa da ƙafarsa. Tartuliyan, mutumin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 200, a wurinsa aka fara ganin kalmar trinitas a rubuce, da ma'anar Allah ɗaya cikin uku. Kalmar sacramentum kuwa daga barikin soja ta fito, rantsuwa ce da sojan Roma ke yi ranar da ya shiga aiki, sai aka ɗora ta a kan baftisma da jibin Ubangiji. A 382 Paparoma Damasus ya sa malami Jerom ya gyara fassarorin Linjila da ke yawo barkatai. Jerom ya koma Baitalami, ya fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci, ya gama wajen 405. Wannan aiki ne aka san shi da Vulgata, wanda Majalisar Trent ta tabbatar a 1546.

Kalma guda daga ciki ta taɓa jawo rigima babba. Inda Girkanci ke maganar sauya zuciya, Vulgata ta sa paenitentia, mutane kuma suka fahimce ta a matsayin ayyukan kaffara da firist ke ɗora wa mai zunubi. Malami Erasmus ya ja hankali kan haka a 1516, kuma a kan wannan gaɓa Martin Luther ya kafa na farko cikin batutuwa 95 da ya fitar a 1517.

Da saƙon Linjila ya iso ƙasar Hausa, sai ya tarar Larabci ya riga shi zama da ƙarnuka. J. F. Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, shi ya ja ragamar cikakkiyar fassarar da ta fito a 1932. Waɗannan masu fassara ba daga Vulgata suka yi aiki ba, kuma ba su rasa kalma ba: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, ruhu, Attaura, Zabura, duk suna bakin mutane. A gurbin gratia suka sa alheri, a gurbin testamentum suka sa alkawari, mabiyan Yesu goma sha biyu kuma suka zama almajirai. Kalmar da ta raba Turai biyu ba ta ba su wahala ba, don Bahaushe ya daɗe da sanin tuba. Hatta sunan manzo Paulus, wanda asalinsa Latin ne, da rigar Larabci ya shigo, ya zama Bulus.

Katolika ne suka shigo da Latin ɗin kansa. Fadan-fadan ƙungiyar SMA sun sauka Lokoja a 1884, suka kai Shendam a 1907. Daga lokacin har zuwa shekarun 1960, fada na karanta addu'o'in hadaya da Latin yana fuskantar bagade, jama'a na bayansa, katikis ne ke koyar da su da harshen da suke ji. Majalisar Vatican ta Biyu ta buɗe wa harsunan gida ƙofa a dokarta ta ibada ta 4 ga Disamba, 1963.

A ɗauki misalin Auna, a ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja, wadda ke ƙarƙashin dayosis ɗin Katolika na Kontagora. An yanke yankin a 1995 aka damƙa shi ga Fada Timothy Carroll, ɗan Ailan, yankin ya hau mataki na gaba a 2002, ya zama cikakken dayosis a 2020 ƙarƙashin Bishop Bulus Dauwa Yohanna. Kiristocin wannan yanki da yawansu Kambari ne, Kambarin Auna kuma Tsikimba suke yi a gida, amma Hausa ce ta daɗe tana haɗa su a coci kamar yadda take haɗa su a kasuwa. Saboda haka tauhidin da aka tsara da Latin, ta bakin Hausa mai cike da Larabci ya kai gare su.

Ragowar Latin da ke cikin Hausar coci ta yau ta hanyar Turanci ta biyo, kuma kusan dukanta sunayen muƙami ne da tsarin coci: fasto daga pastor, wato makiyayi, da rabaran, da kadinal, da mishan. Paparoma kuwa an haɗa ta ne daga papa da sunan birnin Roma, Musulmi da Kirista kowa da ita yake kiran shugaban Katolika a labaran rediyo.