Fito a Kudancin Kano: Daga Mashigin Damina Zuwa Ruwan Tiga

Kafin a gina madatsun ruwa, fito a kudancin Kano sana'ar damina ce. Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga gindin tsaunukan Jos ya ratsa dajin Falgore, da rani yashi ne, sai ɗan ruwa kwance nan da can. Jaki kan tsallake da kayansa mangala ba ta jiƙe ba. Amma da damina ta zauna, kogi ya kawo, mashigi ya rufe, sai masu fito su ci kasuwarsu. Galibinsu masunta ne da ke ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Wani da kwalekwale, wani da ƙaton gora: ka riƙe gam, shi yana iyo yana janka har gaɓa. Ka biya kuɗin fito, ka wuce.

Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya. Ta nan Baturen nan Clapperton ya bi a 1826. Sai dai madugu mai hankali ba ya tayar da ayari cikin damina. Babban fiton da fataken goro masu zuwa Gwanja suka sani yana can kogin Kwara, wajen Yawuri. Na nan gida na talaka ne, mai zuwa gona ko kasuwa ko gaisuwar mutuwa a ƙetare.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya hanyoyin mota suka biyo da gadojinsu, ta Zariya da wadda ta rabu a Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada da Falgore zuwa Jos. Duk inda gada ta tsaya, fito ya mutu.

Abin mamaki, aikin gwamnati ne kuma ya farfaɗo da shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga daga 1971 zuwa 1974. Idan Tiga ta cika, ruwanta kan mamaye murabba'in kilomita kusan 178. Ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya haɗa da turbobin da mutane ke bi. An tayar da jama'a an sake musu matsuguni, dangi suka wayi gari ruwa ya raba su. A 1992 aka kammala madatsar Chalawa a Ƙaraye, maƙwabciyar Kiru, nan ma haka ta faru. Hankalin masu tsara aikin yana kan noman rani a Kadawa da Kura da ruwan sha na birnin Kano, kuma sun yi nasara, shinkafa da tumatir shaida ne. Yadda mutumin wannan gaɓa zai isa waccan kuwa, an bar wa masunci. Shi ya sa kwalekwalen da aka sassaƙa don kamun kifi ya koma ɗaukar mutane da buhuna da awaki, rani da damina, domin tafki ba ya ƙafewa.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, aka ga illar hakan a madatsar Watari da ke Bagwai. Jirgin da ya taso daga Badau, maƙare da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Gwamnatin Ganduje ta dakatar da jigila a wurin. Dakatarwa kuwa ba ta rage wa mai zagayen tafki ko taku ɗaya.

Tun 1997 ƙasar nan ke da hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja. Amma shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Tudun Wada da maƙwabtansu sun fi ta kusa da bakin ruwa. Su zauna da Sarakunan Ruwa, a ƙayyade lodi, a hana fiton dare, a raba rigunan ceto, tun kafin wata damina ta kama.