Cajin waya a Danja: yadda ake ba waya wuta daga waje, da dalilin da gwamnati ta taɓa hana sana'ar

A ƙaramar hukumar Danja da ke kudancin jihar Katsina, wayar hannu ta zama kayan aikin manomi. Da ita mai tumatir ko rake ke jin farashin kasuwa kafin ya yi lodi, da ita ake turo masa kuɗi, da ita kuma ake sanar da maƙwabta idan an ga motsin 'yan bindiga. Sai dai wutar kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, ba ta zama, wasu ƙauyukan ma babu turakunta. Saboda haka galibin wayoyi na rayuwa ne da wutar da ake samowa a waje: shagon mai caji, janareta, faifan sola, batirin mota, ko fawa bank.

Batirin wayar zamani na litiyam ne, ƙarfinsa kimanin bolt 3.7, yana kaiwa 4.2 ko ɗan fiye idan ya cika. Caja ta yau da kullum kuwa bolt 5 take bayarwa, a cikin wayar ne ake rage wutar kafin ta isa batir. Wannan bambancin shi ne abin da ke halaka wayoyi da yawa. Idan batir ya kumbura ko ya mutu, wasu kan cire shi su jona wayoyin caja kai tsaye a mazauninsa domin wayar ta ci gaba da aiki. Yin hakan tsallake matakin kariya ne, kuma yana iya ƙona allon wayar. Ko da an daidaita wutar zuwa bolt 4, akwai sauran matsala: lokacin kira waya kan ja wuta mai yawa farat ɗaya, har kusan amfiya 2, abin da ƙaramar caja ba ta iya ɗauka, sai wayar ta ɗauke. Wayoyi da dama ma ba sa kunnuwa sai sun ji ɗan ƙarfen nan na uku da ke jikin batir, wanda ke sanar da su zafinsa ko irinsa. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a bar lafiyayyen batir a ciki, a shigo da wutar ta bakin caji.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wutar da ake wannan wahala dominta. Kilowat ɗaya na awa guda ya isa ya cika manyan wayoyi kusan 40. Ko da farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, cika waya ɗaya bai kai naira 6 ba. Mutumin ƙauye kuwa naira 100 ko fiye yake miƙa wa mai caji a wurare da dama. Ba zaluncin mai shago ba ne: fetur yake ƙonawa, kuma litar da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda gwamnati ba ta kai wa wuta ba shi ne ke sayen lantarki mafi tsada a ƙasar.

Sana'ar ta shiga harkar tsaro a 2021. A ƙarshen Agusta, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, sannan aka hana cajin waya na kuɗi a sama da rabin ƙananan hukumomi 34 na jihar, akasarinsu a kudanci da yammaci. Hujjar gwamnati ita ce 'yan bindiga da masu kai musu bayanai na amfani da shagunan. Amma ɗan bindigar da ke da babur yana da batirin da zai yi caji da shi a daji. Wanda dokar ta fi kamawa shi ne matashin da ya dogara da shagon, da manomin da ba shi da wata hanya.

A Oktoban 2024 aka sake ganin muhimmancin masu cajin. Lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir, sun jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A kwanakin, har mutanen birni sun bi layi a shagunan caji kamar na ƙauye.

Masu hali a cikin masu sana'ar na komawa sola, domin bayan kuɗin faifai da batir babu na mai. Dokar lantarki ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Ke nan tambayar yaushe wuta za ta zauna a Dabai ko Tandama ta daina zama ta Abuja ita kaɗai. Gidan gwamnati da majalisar dokoki a Katsina su ma suna da amsar da za su bayar.