Me ya sa ake ɗaure murfin mitar lantarki?

Mitar lantarki da ake sa wa kuɗi ƙaramar kwamfuta ce, kuma tana da kafofin da ma'aikata ke amfani da su wajen karanta bayananta ko sauya tsarinta.

Wanda ya kai ga waɗannan kafofi ko wayoyin da ke ƙarƙashin murfin na iya sa mitar ta riƙa ƙirga ƙasa da wutar da aka sha.

Shi ya sa kamfanoni irin su KEDCO, mai rarraba wuta a jihohin Kano, Jigawa da Katsina, har da Mai'adua a masarautar Daura, ke ɗaure murfin da hatimi.

Da zarar an buɗe shi, akasarin mitocin kan yanke wuta, har sai kamfanin ya bayar da lambobi 20 na warware su.

Dokar lantarki ta Najeriya ta 2023 ta tanadi tara ko ɗauri ga mai taɓa mita.

Haɗarin bai tsaya ga mita ba. A 2010 aka gano cutar kwamfuta ta Stuxnet, wadda ake kyautata zaton ta kafar USB ta shiga cibiyar nukiliyar Iran da ke Natanz.

Gudun irin wannan, ma'aikatu da dama kan toshe kafofin kwamfutocinsu da marufi mai makulli.