Tarihin Dokar Gogayya Daga Leonardo Zuwa Tabor

Duk wanda ya taɓa jan buhu a ƙasa ya san ƙasa tana riƙe kaya. Wannan riƙo shi masana kimiyya ke kira gogayya, wato ƙarfin da ke hana wani abu zamewa a kan wani. Kafin a gane asalinsa sai da aka yi fiye da shekara ɗari huɗu ana muhawara.

Leonardo da Vinci na Italiya shi ne ya fara rubuta dokar, wajen 1493. Ya lura da abu biyu: gogayya tana ƙaruwa gwargwadon nauyin kaya, sa'an nan ba ruwanta da faɗin gefen da ya taɓa ƙasa. Wato tubali, ko a kwance ko a tsaye, ƙarfi ɗaya ke jan sa. Amma bai buga binciken ba, ya kwanta cikin takardunsa. Sai a 1699 Guillaume Amontons ya sake gano dokar, ya gabatar wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faris. Da sunansa aka san ta, kuma ba a yi zalunci ba, domin daga gare shi duniya ta ji.

Batun faɗi shi ya tayar da ƙura, don hankali bai yarda da shi da sauƙi ba. Sai da Philippe de La Hire ya maimaita gwajin kafin a gaskata. Charles Coulomb, injiniyan soja, ya ƙara tabbatar da ita da gwaje-gwajen katako da ƙarfe a Rochefort, aikin da ya ci kyautar Majalisar a 1781.

Amma mene ne sanadi? Masanan Faransa sun jingina shi ga kaushin jiki, tudu na hawa tudu. Desaguliers kuwa, a Ingila, ya ce mannewa ce. Aka raina ra'ayinsa, tun da in mannewa ce, ai kamata ya yi faɗi ya ƙara ta.

Bowden da Tabor na Jami'ar Kambirij suka warware ƙullin a littafinsu na 1950. Komai santsin abubuwa biyu, ba sa haɗuwa sai a kan 'yan ƙananan tsinaye da ido ba ya gani. In nauyi ya ƙaru, tsinayen su lotsa, wurin haɗuwa na haƙiƙa ya faɗaɗa, mannewa ta ƙaru. Ashe faɗin da ido ke gani ba shi ne ke taɓa ƙasa ba.