Yadda Renon Yara Ya Koma Hannun Mutum Biyu

A gidan Bahaushe na shekara ɗari da suka wuce, wadda ta haifi ɗan fari ba ita ce kan gaba wajen renonsa ba. Al'ada ma taka mata birki take yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai wata babba ta yi mata tsawa kafin ta ɗauke shi ta ba shi nono, kanta a sunkuye. Uban kuwa in ya shigo ya tarar da yaron yana rarrafe a tsakar gida, ratse shi zai yi ya wuce turaka. Wannan kunya ta yiwu ne saboda gidan cike yake da hannuwa, kowane hannu da nasa aikin.

Tun ciki yana wata bakwai ake mayar da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Unguwarzoma ce za ta yanke cibiya. Kaka ko gwaggo ce za ta tashi tun kafin asalatu ta hura itacen jego, wanda mijin ya tara tun kafin haihuwa, ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen tsamiya ta yi wa maijego wanka, safe da yamma, har arba'in, wasu ma su zarce. Ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. In ta koma ɗakinta ba ta komawa ita kaɗai, sai an haɗa ta da 'yar goyo, ƙanwarta ko 'yar wani kawu. Yaro ya kai shekara biyu ko kusa, sai kaka ta zo ta ɗauke shi yaye, a ba shi rubutu ya sha, ya yi kwanakinsa na rigima a can nesa da uwarsa. Da yawa daga yayen ba su dawowa, sun zama 'yan riƙo ke nan. Wanda gwaggo ta riƙe, ita ce za ta yi masa aure.

Mafi kyawun shaidar da ta rage a rubuce game da wannan zama ta fito ne daga bakin wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta, aka buga littafin a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba ko sau ɗaya, amma ɗakinta bai rabu da yara ba. Dangi suka ba ta, ta rena, ta aurar, ta kuma karɓi haihuwar matan gari a matsayinta na unguwarzoma. A wancan tsari rashin haihuwa bai hana mace zama uwa ba, yawan haihuwa kuma bai bar wata da nauyin duk abin da ta haifa ba.

Abin da ya riƙe wannan gida shi ne gandu. Maigida da 'ya'yansa maza masu aure suna noma gona ɗaya, hatsi na shiga rumbu ɗaya. Shi zai ciyar, shi zai biya haraji, shi zai yi wa samari auren fari, shi zai nemo ragon suna. Ɗa yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko a ranakun da aka ware masa, amma cikinsa da na iyalinsa yana wuyan uba. Matan 'yan'uwa suna karɓa-karɓar girki, wadda ba ta da girki ita ce da yara. Tunda tukunya ɗaya ce, ba wanda ke tsayawa lissafin ɗan wa ya ci.

Turawa ba su zo da niyyar rusa gandu ba, amma kusan duk abin da suka kafa sai da ya sassauta masa ƙulli. Suka ce haraji da kuɗi za a biya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, saurayi ya gane yana iya noma tasa ya kai kan sikeli ya karɓi sulallansa ba tare da sun bi ta hannun tsoho ba. Cin rani ya ƙaru. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya, rinji, wato ƙauyen bayi, ya watse. M.G. Smith, mijin ita Mary, ya lura cewa matan da suka fita daga bauta sun daina zuwa gona don nuna su ma 'ya'ya ne, kulle ya bazu har ƙauyuka. Lokacin da Polly Hill ta yi bincikenta a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar gandu yana nan da ransa, amma ya fi ƙarfi a gidan mai wadata. Ɗan talaka yakan fice da wuri, kuma da wuya 'yan'uwa su ci gaba da noma tare bayan an binne uba.

Duk da haka reno bai girgiza sosai ba, domin ko an raba rumbu ba a raba tsakar gida ba. Kulle ma ƙara wa yara daraja ya yi. Enid Schildkrout, wadda ta zauna a unguwannin cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suka zama ƙafafun matan aure: su ne aike, su ne cefane, su ne talla, su ne goyon ƙanne. Yarinya 'yar shekara takwas za ta fita da farantin ƙosai a ka da jariri a baya, ta shiga gida goma kafin azahar, a kowane gida a karɓi jaririn a yi masa wasa. Matar da ba ta da yaro a hannu sana'arta ba ta tafiya, shi ya sa ake roƙon riƙo, har a yi fushi in an hana.

A nan ne boko ya shigo da ƙarfinsa. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Ba a cika kallon shirin ta wannan fuska ba, amma a cikin gida abin da ya yi shi ne ɗauke 'yar goyo daga ƙarfe bakwai na safe zuwa azahar. Da Islamiyya ta bunƙasa daga baya, ta ɗauke ta da yamma. Iyaye mata da yawa da suka ƙi sa 'ya'yansu mata a makaranta a lokacin, ba duka ne tsoron aƙida ya hana su ba. Wasu suna duban wanda zai riƙe musu jariri ne da wanda zai kai tallar da ake tara kuɗin kayan ɗaki da ita. Ni ina ganin an yi daidai da aka kai yarinyar aji. Sai dai ba wanda ya zauna ya tambayi wa zai maye gurbinta.

Shekarun kuma su ne na albashi. An ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, kowace da sakatariyarta da ma'aikatanta. Kuɗin ƙarin albashin Udoji ya faɗo a aljihun ma'aikata a 1975. Aka gina rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja a Kano, da Malali da Barnawa a Kaduna, sannan gidajen Shagari a jihohi. Duk wanda ya zana waɗannan gidaje bai sa kaka a lissafi ba: ɗaki biyu ko uku da falo, ba zaure, ba sassa, ba wurin kafa tukunyar jego. Ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Kafanchan, ya ɗauki amaryarsa su tafi su biyu. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disamban 1991, tazarar ta ƙara nisa. Kano kanta, wadda ƙidayar 1952 ta ba ta mutum kimanin 130,000, yanzu ta haura miliyan huɗu. Gidajen gado na cikin ganuwa an yi ta yanka su har ba sauran abin yankawa, 'ya'ya suka fantsama Ɗorayi, Sheka, Hotoro, Rijiyar Zaki. A yau in ana maganar aure, tambayar da dangin amarya ke fara yi ita ce gidan yawa ne ko ita kaɗai, kuma kowa ya san amsar da suke so.

Asibiti ya zo ya karɓi wani abin da ya fi hannu, ya karɓi ta-cewa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka gano cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a Zariya, wajen mace ɗaya cikin ɗari, suka danganta shi da gishirin kanwa da zafin wanka da na gadon wuta. Daga 1991 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tashi haiƙan kan shayar da nono zalla, wanda daga baya aka tsayar da shi a wata shida, ba ruwa ba ɗauri. Dakashin da kakanni ke matsewa su zubar, nas ta ce shi ne ma maganin farko. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin maijego ya ga wannan karon. Tsohuwa ta zo da cokali da ɗan kofi, yarinya ta kare bakin jariri da hannu tana cewa, “Hajiya, a wurin awo an ce kada a ba shi komai.” Tsohuwa ta ajiye kofin ta ce, “To, ku da likitanku. Mu da muka haife ku ba mu san komai ba.” A wannan gardama gaskiya tana wajen nas, domin wancan tsohon gida mai hannuwa da yawa ya binne yara ba adadi, na ƙyanda, na agana, na gudawa. Amma tsohuwar da aka nuna wa ba a bukatar iliminta, ba ta cika daɗewa ba kafin ta ce a kai ta tasha.

Wannan duka labarin birni ne da na 'yan albashi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 ce kacal cikin 100 ake yi a asibiti. A ƙauye unguwarzoma tana nan, wankan gida yana nan. Binciken dai ya nuna mace a yankin tana haifar yara 6.6 a matsakaici, a Katsina 7.3, alhali Legas 3.4. Wato gida ya tsuke, haihuwa ba ta tsuke ba. Tsohon tsari yana da nasa birki, domin mace mai goyo takan nisanci turaka har ta yaye, wadda ta yi kwanika kuma ta shiga bakin mata. A ɗaki da falo, mata ɗaya miji ɗaya, wannan birkin ba ya ci.

Gurbin da aka bari, kuɗi ne ya cike shi. Riƙo ya rikiɗe ya zama 'yar aiki: yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu, wata dillaliya ta kawo ta daga ƙauye, albashinta ya tafi hannun iyayenta. A da wadda ta riƙe yarinya ita ce mai yi mata gado da jere. Yanzu in aure ya zo sai a sallame ta da turmin atamfa a nemo wata, kuma ita ce ke wanke kayan 'ya'yan gida tana goya ƙaraminsu yayin da sa'o'inta na gidan ke aji. Sai gidajen reno da makarantun kuɗi masu karɓar yaro tun bai iya cewa zai yi fitsari ba. Doka ta biyo baya a makare: dokar ƙwadago ta ba maijego mako 12, Jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019, gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikatanta kwana 14 a 2021. Uban da kakansa ba ya iya kallon ɗan fari, yau shi ke jijjiga jariri da ƙarfe biyun dare, shi ke tsayawa a kanti yana tambayar famfas mai lamba uku.

'Yan shekarun nan sun ƙara nasu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, zuwa gida wanka daga Abuja ko Fatakwal ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi. Wasu sun mayar da arba'in mako biyu, wasu sun ɗauki mai wankan haya tana zuwa da safe a biya ta, kaka kuma a nuna mata jikanta ta bidiyon WhatsApp tana kiransa angonta. A gefe guda rashin tsaro ya juyo da tafiyar ta wata hanyar da ba wanda ya tsara. Tsofaffin da suka rantse ba za su bar ƙauye ba, 'yan bindiga sun taso su daga yankunan Zurmi, Batsari, Sabon Birni da Birnin Gwari, sun sauka a gidajen hayar 'ya'yansu a Gusau, Katsina, Sakkwato da Kaduna, sau da yawa da marayun wani ɗan a hannu. A irin waɗannan gidaje kaka ta dawo cikin reno, sai dai ba rumbu ba gona, albashin mutum ɗaya ne ke ciyar da kowa, ita kuma tana kwana a falo da jikoki.