Gwangwani: daga guzurin soja zuwa tukunyar gida

Duk butik ɗin da mutum ya shiga a Maraɗi ko Damagaram, ko da ƙarami ne a ƙarshen unguwa, da wuya ya rasa abu uku a kan kanta: gwangwanin tumatir, na sardin da na madara. Mun saba da su har muna ganin kamar da su muka iske duniya. Uwar da ta taso daga aiki ta tarar yara sun dawo daga lakwal da yunwa ta san amfaninsu, domin kafin shinkafa ta nuna miya ta haɗu. Sai dai gwangwani bai wuce shekara ɗari biyu da ƴan kai ba, kuma tun asali ba don iyali aka ƙirƙiro shi ba. Wanda ya san inda ya fito zai fi gane wanda ya dace ya shiga tukunyarsa da wanda ya kamata ya bari a kanta.

Adana abinci tsohuwar dabara ce, kuma mu a nan mun daɗe da tamu. Rana ce babban makaminmu: kilishi, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, kauɗar tumatir, gabu na ganyen albasa. Ga banda da ake yi da hayaƙi, ga daddawa. Turai ba ta da rana irin tamu, don haka sojojinta da matuƙan jiragen ruwanta sun dogara ga naman gishiri da busasshen biskit. Idan tafiya ta yi watanni babu ɗanyen ganye ko ƴaƴan itace, sai wata cuta ta kama su, dasashi ya riƙa zubar da jini, haƙora su kakkarye, da yawa su mutu a teku.

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert, wanda aka haifa a 1749, shi ya fara samo mafita. Kuku ne, daga baya ya koma sana'ar alewa a Paris. Tun cikin shekarun 1790 ya riƙa gwaji: ya zuba nama ko wake ko romo cikin kwalba mai kauri, ya toshe bakinta da kyau, ya tsoma ta cikin tafasasshen ruwa na wani lokaci. Bayan watanni a buɗe a tarar abincin bai lalace ba. Rundunar ruwan Faransa ta gwada kwalabensa ta gamsu. A 1810, zamanin Napoleon, gwamnati ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya bayyana dabarar ga kowa, kuma a shekarar ya fitar da littafinsa. Bai yi arziki da ita ba, ya rasu a 1841 cikin talauci, amma har yau da sunansa ake kiran wannan hanya a Faransanci.

Kwalba tana da nauyi, tana kuma fashewa. A wannan shekara ta 1810 wani ɗan kasuwa a Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar amfani da gwangwanin ƙarfe mai shafin kuza, kuma a 1813 Bryan Donkin da abokan aikinsa suka fara sarrafa abincin gwangwani a Landan. Rundunar ruwan Ingila ce babbar mai saye. Gwangwanayen farko suna da kauri sosai, da guduma da kurfi ake fasa su. Sai a shekarun 1850 aka ƙera abin buɗewa, wato fiye da shekara arba'in bayan gwangwanin kansa.

Appert ya san dabararsa tana aiki, amma bai san dalili ba. Sai a shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke ruɓar da abinci. Zafi yana kashe su, rufewa kuma tana hana wasu shiga. Daga baya aka gano akwai wata ƙwaya da tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta, tana rayuwa inda babu iska, tana kuma fitar da guba mai shanye jiki. Shi ya sa masana'antu ke dafa gwangwanin nama da kifi cikin tukunyar tururi mai matsi, a zafin da ya kai digiri 121.

Kowanne daga cikin gwangwanaye ukun butik yana da tasa hanyar. Sardin ya fara a garin Nantes na Faransa cikin shekarun 1820. Da kifin ya yi ƙaranci a gaɓar Faransa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sana'ar ta bazu zuwa Fotugal da Sifen da Maroko. Yau Maroko ce kan gaba a duniya wajen fitar da sardin na gwangwani, daga garuruwa irin su Safi da Agadir. Madarar gwangwani kuwa Gail Borden ne ya yi mata rajista a Amurka a 1856, kuma yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865 ne ya tallata ta, saboda da ita aka ciyar da sojoji. Tumatir ya bunƙasa a Italiya, inda Francesco Cirio ya buɗe masana'anta a Turin a 1856. A zamanin nan kaso mai yawa na markaɗaɗɗen tumatir da ke shigowa Afirka ta Yamma daga yankin Xinjiang na ƙasar Sin yake fitowa, ko da sunan da ke jikin gwangwanin ya yi kama da na Italiya.

Mu ma ta hanyar soja da fatauci ya iso mana. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka yi ta zama hedikwata har aka mayar da ita Yamai a 1926. Guzurin sojojinsu ya haɗa da naman gwangwani, wanda su kansu suke yi wa ba'a suna kiransa naman biri. Da cinikin gyaɗa ya kankama a Maraɗi da Damagaram, kantunan kamfanonin Turawa suka riƙa sayen gyaɗa suna sayar da atamfa, sukari, sabulu da kayan gwangwani. Da farko abincin Bature ne da manyan ma'aikata. Sannu a hankali ya sauko: madara ta shiga teburin mai shayi, sardin ya shiga burodi, tumatir ya shiga miyar kowa. Ko fankon gwangwanin ba a yar da shi, ya zama ma'aunin mai da gishiri a kasuwa, yara kuma suka ƙera mota da shi.

Sau biyu a zamaninmu aka tuna mana cewa wannan abinci daga nesa yake zuwa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo cikin ƴan kwanaki. Bayan Yulin 2023 kuma, da aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma doguwar hanya, farashi ya sake hawa. Gidan da miyarsa ta rataya kacokan ga gwangwani ya fi jin jiki. Gidan da ya shanya tumatir lokacin arahar lambu, sa'ad da kwanduna ke ruɓewa a kasuwa, ya ɗan samu sauƙi.

To, me wannan tarihi ke faɗa wa mai ciyar da iyali? Gwangwani an yi shi ne don cike giɓi, inda lokaci ya ƙure ko ɗanyen abu ya yi nisa. A nan yake da amfani. Sardin shi ya fi cancantar kuɗinsa: kifi ne mai gina jiki, ƙayarsa ta yi laushi ana cinye ta, tana ƙara wa ƙashin yara ƙarfi. Gwangwani ɗaya mai giram 125 ba zai ƙosar da mutum biyu ba idan shi kaɗai ne, amma a farfasa shi cikin dambun zogale, ko a soya shi da albasa a zuba kan shinkafa da wake, sai ya ratsa kwanon yara duka. Man da ke ciki a yi suyar da shi, ba sai an ƙara wani da yawa ba. A matsa lemun tsami a kai, yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye.

Tumatir na gwangwani an tsotse masa ruwa, cokali ɗaya ko biyu ya isa tukunya, sauran aikin kauɗa da albasa da daddawa su yi. A duba rubutun jikinsa, domin wasu ana haɗa su da sitaci da sukari da launi. Gishiri ma abin lura ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini. Idan sardin ya shiga miya, a rage gishiri da dunƙule.

Madara mai kauri ita ce ta fi ruɗin iyaye. Kusan kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na nauyinta sukari ne, kuma shi ke hana ta lalacewa. Ta dace da tafiyar soja, ba ta dace da jariri ba. Nonon uwa zalla har wata shida shi ne shawarar likitoci, kuma ga yaron da ya tasa, nonon shanu da aka tafasa ko kindirmo cikin fura ya fi masa.

Dokar Appert ta rufewa har yau tana nan. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe a bakin haɗi, ba a saye, ba a ɗanɗanawa, ko da an karya kuɗinsa. A duba ranar ƙarewa. Da zarar an buɗe, ya zama kamar kowane dafaffen abinci: a juye sauran cikin kwano mai murfi, in babu firigo a cinye a ranar. Tumatirin da ake sayarwa cokali-cokali daga babban gwangwanin da ya kwana a buɗe cikin zafi yana bukatar wannan lura.

Malaman lakwal suna da darasi a hannu wanda ba ya cin ko dala. A ce kowane yaro ya zo da fankon gwangwani da aka wanke, a daddanne bakinsa don kada ya yanke hannu. A nemo ƙasar da aka yi shi a taswira, a karanta nauyi da ranar ƙarewa, a lissafa kuɗin kilo ɗaya, a kwatanta da kuɗin kauɗa ko bandar kifi a kasuwar garin. Yaron da ya yi wannan aiki sau ɗaya, ranar da aka aike shi butik zai juya gwangwanin ya duba kafin ya miƙa kuɗi.