Wane gini ne a wannan tsohon katin? Zare kan Tiga, Bagauda da labarin Sarauniya

1/ Jama'a, akwai wani tsohon kati da ke ta yawo a Facebook da WhatsApp, irin wanda ake aikawa ta gidan waya a da. Gini ne a kan dutse, ga ruwa malale a bayansa, ga tebura a waje da kwalabe a kai, ga mota a fake a gefe. Babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Zaren yana da ɗan tsawo, ku biyo ni a hankali.

2/ Suna uku na ga an laƙaba masa. Wasu sun ce Kano Club ne zamanin Turawa. Wasu sun ce Bagauda ne. Wanda aka fi turawa kuwa shi ne mai cewa nan ne Sarauniyar Ingila ta kwana da ta zo Kano a 1956. Ba zai yiwu duka ukun su zama gaskiya ba, don haka sai mu duba abin da ke cikin hoton ɗaya bayan ɗaya.

3/ Mu fara da ruwan, don shi ya fi komai girma a hoton. Kano Club a cikin gari yake, wajen unguwar Turawa ta da. Duk wanda ya san yankin ya san babu wani ruwa a can da ido ba ya ganin ƙarshensa, babu kuma dutsen da za a ɗora gini a kai. Wannan sunan ya fita tun yanzu.

4/ A kudancin Kano, ruwa mai faɗin haka ba na Allah-ya-yi ba ne, tare shi aka yi. Kafin shekarun 1970 abin da ke wurin kogin Kano ne, ya cika da damina, da rani ya koma yashi da 'yan kududdufai. Idan ka ga tafki kamar teku a hoto daga wannan yanki, to hoton bai girmi madatsar ruwan da ta haife shi ba.

5/ Madatsu biyu ne suka dace da maganarmu, kuma dukkansu a ƙasar Bebeji suke: Bagauda da Tiga. Dukkansu aikin gwamnatin Audu Bako ne, kwamishinan 'yan sandan da ya zama gwamnan jihar Kano na farko bayan Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967. Ya riƙe Kano har 1975.

6/ Kowace madatsa an yi mata otal a gefe. Na Bagauda shi ne Bagauda Lake Hotel, na Tiga kuma Rock Castle Hotel. Shi ya sa ake rikita su. Zamani ɗaya, gwamna ɗaya, ƙaramar hukuma ɗaya, ga ruwa a bayan kowanne. Wanda bai taɓa taka wuraren ba da wuya ya bambance su a hoto.

7/ Amma ƙasa tana bambance su. Bagauda a shimfiɗe take, kuma tafkinta ƙarami ne idan aka gwada da Tiga. Otal ɗin Tiga kuwa sunansa ma ya tona shi, ma'anarsa fada a kan dutse, yana leƙen ruwa daga sama. Katinmu gini ne a kan dutse da ruwa a ƙasa mai nisan gaske. Wannan siffar Tiga ce.

8/ To yaushe? An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Tunda a katin ruwan ya riga ya taru, hoton ba zai girmi tsakiyar shekarun 1970 ba, ko da kuwa launinsa ya koɗe ya yi kama da na kaka da kakanni.

9/ Yanzu mu zo kan Sarauniya. Gaskiya ne Elizabeth ta biyu ta zo Najeriya a farkon 1956, daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. An yi mata hawan daba a Kaduna, ta kuma zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya. Wannan ba abin musu ba ne, hotunan suna nan.

10/ Sai dai a 1956 babu jihar Kano ma, lardi ne a ƙarƙashin Jihar Arewa. Babu madatsar Tiga, sai bayan shekara 15 aka fara ta. Babu tafki, balle otal mai kallon tafki. Mutum ba ya kwana a ɗakin da ba a gina ba, ko da sarauniya ce.

11/ Bayan 1956 ba ta sake takowa Najeriya ba sai Disambar 2003, lokacin taron ƙasashe renon Ingila a Abuja, zamanin Obasanjo. Sau biyu kenan a rayuwarta. Na farko Tiga ba ta wanzu ba, na biyu kuma Abuja ta sauka.

12/ To daga ina sunanta ya shigo labarin? Akwai ziyara ta uku da aka shirya amma ba a yi ba. A Yunin 1973 Gowon ya kai ziyara Ingila, aka kuma tsara Sarauniya za ta rama a Oktoban 1975. Ranar 29 ga Yulin 1975 sojoji suka kifar da Gowon, Murtala Muhammad ɗan Kano ya hau, aka ɗage ziyarar.

13/ Juyin mulkin nan shi ne kuma ya sauke duk gwamnonin Gowon, har da Audu Bako. Kanar Sani Bello ya gaje shi. Abin da manya da dama ke faɗa shi ne an yi otal ɗin Tiga da niyyar saukar Sarauniya a waccan ziyarar. Lokacin dai ya yi daidai. Amma "an shirya mata" daban, "ta kwana" daban.

14/ Kun ga yadda labari ke sauya kama. Daga "an gina don baƙuwar da ba ta zo ba" ya koma "nan ta kwana". Da wani ya tuna ta zo Kano a 1956 sai ya manna shekarar. Da wani ya ga 1956 sai ya ce ai Turawa ne suka gina. A ƙarshe an ɗauke aikin daga hannun gwamnatin Kano an miƙa wa 'yan mulkin mallaka.

15/ Wannan ne ya sa na damu da maganar. Mu matasa mun saba jin cewa duk wani abu mai ƙwari a ƙasar nan Bature ne ya bari. Tiga tana ƙaryata haka. Bayan 'yanci aka yi ta, bayan yaƙin basasa, a daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa da Nijar a 1973, dabbobi suna mutuwa, hatsi ya yi wuya.

16/ Ruwan nan da ke bayan teburan shi ne yake bin magudanai zuwa Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure. Shinkafar Kura, alkama, da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Kudu, asalinsu wannan tafkin. Mai katin ya ɗauki wurin shaƙatawa, amma abin da ya shiga hoton rumbun abinci ne.

17/ Akwai kuma abin da katin ba ya nunawa. Ƙarƙashin ruwan akwai gonaki da gidaje da maƙabartu. Dubban mutane aka tasa aka sake musu matsuguni kafin tafkin ya cika. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, masu noman fadama da masunta sun ga ambaliyar da suka dogara da ita ta ragu. Idan muka ce hoton 1956 ne, duk waɗannan mun shafe su daga labarin.

18/ Sai maganar kwalabe. Na lura wasu da suka gane wurin ba sa son faɗa, saboda akwai alamar mashaya a hoton. Manyan otal-otal na wancan zamani suna da wurin shan giya, don baƙinsu sun haɗa da injiniyoyi 'yan ƙasashen waje da ma'aikata daga ko'ina a Najeriya. Kano ta ƙaddamar da shari'a ne a 2000.

19/ Faɗin sunan wuri ba yabon abin da aka yi a cikinsa ba ne. Abin tsoro shi ne jika ya buɗe akwatin kakansa, ya ga kwalba a hoto, kunya ta sa ya yaga. Tare da kwalbar ya yaga shaidar yadda ginin yake, da matakin ruwa a waccan shekarar, da fuskokin ma'aikatan da suka yi aikin.

20/ Bagauda ma misali ce ta yadda wuri ke sauya suna har a manta na da. Inda otal ɗin yake shi ne yau Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya reshen Kano. Ɗalibai suna zuwa daga Legas, Enugu, Yola, su yi shekara guda a wurin, da yawansu ba su san a da masu yawon buɗe ido ne ke kwana a can ba.

21/ Yanzu ga dabarun da za ku yi amfani da su a kan kowane tsohon hoto. Na farko mota. Najeriya ta bar tuƙi ta hagun titi ta koma dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Idan ka ga jerin motoci suna bin hagu, hoton ya girmi wannan ranar. Idan sitiyarin yawancinsu yana hagu, to bayanta ne.

22/ Samfurin motar ma yana magana, amma a yi hattara. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, sai dai ba ta cika titunanmu ba sai da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Ganin 504 yana ce maka hoton bai girmi 1968 ba. Ba ya ce maka ainihin shekarar, don mota tana daɗewa a hannu.

23/ Na biyu, bayan katin. Nan rabin amsar take, amma masu turawa gaba kawai suke ɗauka. Duba kan sarki. Idan kuɗinsa da sule da kwabon Ingila ne, zamanin fam ne. Idan da harafin k ne na kwabon naira, an aika shi daga 1 ga Janairun 1973 zuwa sama, ranar da naira ta maye gurbin fam.

24/ Hatimin gidan waya shi ne babban mashaidi, don yana ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Amma ranar aikawa yake faɗa, ba ranar ɗaukar hoto ba. Kati yakan yi shekaru a kanti kafin a saya. Don haka hatimi yana ba ka iyaka ta ƙarshe, abubuwan cikin hoto su ba ka iyaka ta farko, gaskiya tana tsakani.

25/ Na uku, kar ka amince da kalmar "Kano" a tsohon kati. Masu bugawa a zamanin Turawa sukan rubuta Kano ga duk abin da aka ɗauka a lardin, har da garuruwan da yau suke Jigawa, tunda sai 1991 aka raba. Ganuwa a hoto ba lallai badalar birni ba ce. Bebeji ma gari ne mai ganuwa.

26/ Kuma ganuwa ce mai tarihi. Hugh Clapperton ya ratsa Bebeji a 1826 a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta iso ƙofarta aka ƙi buɗewa, suka fasa da igwa, aka kashe Sarkin Bebeji. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗa hannunsu, Sarki Alu yana Sakkwato.

27/ Na huɗu, siffar ƙasa. Gini yana rushewa, bishiya tana faɗuwa, amma dutse ba ya tashi. Idan ka ga manyan duwatsu da ramukan haƙo, ka tuna Riruwai a Doguwa, garin kuza tun kafin zuwan Turawa. Idan daji ne mai duhu a gefen kwalta, ka tuna Falgore a hanyar Jos bayan Tudun Wada. Idan layin dogo ne, jirgi bai iso Kano ba sai 1911, ta Dangora wajen Kiru ya bi.

28/ Na biyar, kuma wanda ya fi sauƙi: tsofaffi. Direbobin tasha, tsofaffin masu gadi, masu dafa abinci, leburorin da suka yi aikin dam. Wanda yake da shekara 20 a 1974 yau ya haura 70. Nuna masa hoton ba tare da ka faɗi suna ba, ka ji abin da zai ce. Ka tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, kar ɗaya ya ji amsar ɗaya.

29/ Hukuncina kan katin nan: otal ɗin Rock Castle ne a Tiga, ƙaramar hukumar Bebeji, an ɗauka ne bayan tafkin ya cika, wato daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa gaba. Ba Kano Club ba ne, ba Bagauda ba ce, ba kuma 1956 ba ce.

30/ Roƙona, duk mai irin waɗannan katuna a gida ya ɗauki gaba da baya ya ɗora a ƙasan zaren nan. A rufe suna da adireshin wanda aka aika wa, a bar kan sarki da hatimi a fili. 'Yan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa musamman, ku tambayi iyaye sunayen ƙauyukan da ruwan Tiga ya tasa, ku rubuto su nan mu haɗa wuri guda.